Kontara nawa asusunka ke iya ɗauka?

(Jawabin da na yi wa matasa a zamanmu na Maraɗi. Waɗanda ba su samu zuwa ba sun nemi a sa shi nan, ga shi kamar yadda na faɗe shi, da ɗan gyara.)

 

Da anka ce in zo in yi magana kan cinikin kasuwannin duniya da ake yi ta waya, sai da na yi jinkiri, don ban so gobe a ce wane ne ya tura yaran mutane cikin wanga abu. Amma duk wanda ke zama fada ya san ba sai an tura su ba, suna ciki tuni. Ana dafa shayi, mutum uku sun duƙa kan waya suna kallon jan layi da koren layi. Tun da haka ne, gara a yi maganar a fili. Ban zo in koya wa kowa gane inda kasuwa za ta nufa ba. Tambaya guda na zo da ita: in kana da kuɗi kaza cikin asusunka, kontara nawa, ko lot nawa, ya kamata ka buɗe?

Bari in fara da kaina. A 2023 na kwashi adashe, jika 300. Na zuba su wurin wani dillali na intanet, sunka zama dola 500. Zan riƙa cewa dola, don in na ce dala wani zai ɗauka dalarmu ta kasuwa nike nufi, kuma don sauƙin lissafi mu ɗauki dola guda a sefa 600, ko da yake tana hawa tana sauka. Wata Juma'a da hantsi na sayi zinariya, lot 0,30. Mi ya sa 0,30? Wallahi ba ni da dalili, illa dai na danna kuma na'urar ta karɓa. Kuɗin jinginar da ta riƙe mini bai wuce dola 114 ba, sai na ga ai saura da yawa, har ina ganin na yi hankali. Na kashe waya na shiga masallaci.

Abin da ban lura ba, galibi Juma'ar farko ta kowane wata ne Amurka ke fitar da alƙaluman samun aikin yi, da ƙarfe 8 da rabi na safe agogon New York. A lokacin bazararsu wannan ya yi daidai da ƙarfe 1 da rabi na rana a nan. Ina sauraren huɗuba, kasuwa tana tafasa. Na fito, na kunna waya bakin ƙofar masallaci, na tarar farashin zinariya ya sauka da kusan dola 15, dillali ya rufe cinikin da kansa, saura dola 50 da 'yan kai. Jika 270 sun tafi, ga zubin adashe na wata bakwai yana jirana.

Kwana da kwanaki ina zagin kasuwa, ina zagin dillali. Sai daga baya na ɗauki bik da kaye na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Lot guda na zinariya oza 100 ne, oza kuwa giram 31 da ɗan ɗoriya. Lot 0,30 ke nan oza 30, kusan kilo guda. Wanda ya taɓa zuwa Jado ko yana da ɗan uwa can ya san mi ake nufi da kilon zinariya. A farashin lokacin, wajen dola 1.900 kowace oza, kayan da na ɗauka sun kai dola 57.000, sama da miliyan 34 na sefa. Ni mai jika 300. Duk motsin dola guda a farashi, dola 30 ke shiga ko fita aljihuna. Motsin dola 15 kuwa abu ne da zinariya ke yi a rana guda ba tare da wani ya ce an yi abin mamaki ba. Ashe ko da hasashena ya yi daidai daga baya, ba ni da ƙarfin tsayawa in gani.

To ga inda kuskuren yake, kuma shi ne kuskuren kusan duk wanda na zanta da shi. Muna tambayar na'ura nawa za ta bari mu buɗe, ita kuwa amsar da take bayarwa ta kuɗin jingina ce. Kuɗin jingina kariya ce ta dillali, yana riƙe su ne don kada asararka ta hau kansa. Bai ce maka ga abin da kake iya ɗauka ba. In ya ba ka ninki 500, wato kowace dola taka ta riƙe kayan dola 500, ya buɗe maka ƙofa ne kawai. Mai kamyon yana iya yarda ya loda maka duk albasar da ka mallaka, har da ta bashi, a mota guda daga Galmi zuwa Abijan. Shi kuɗin mota zai karɓa. In motar ta lalace kwana biyar a hanya albasa ta ruɓe, ba shi za a bi ba. Shi ya sa tsofaffin 'yan kasuwarmu ke raba kaya, kuma kafin mota ta tashi sun san in wannan ta salwanta za su iya sake lodi ko ba za su iya ba. Ba su karanta wani littafi ba, amma lissafin da zan nuna muku nasu ne.

Ana farawa da asara. Kafin ka duba kasuwa ma, ka yanke nawa kake yarda ka rasa a ciniki guda in abin ya juya. Masu sana'ar da sunka daɗe galibi suna tsayawa kan kashi 1 cikin 100 na asusu, wasu su kai 2. Mai jika 300, kashi 1 nasa jika 3 ne, dola 5. Na ga wasu suna murmushi. E, dola 5.

Sannan ka duba kasuwa ka ce: in farashi ya kai wuri kaza, hasashena ya ɓaci, na fita. Wurin nan shi ne sitop. Nisan da ke tsakanin inda ka shiga da sitop, ka ninka shi da abin da kontara guda ke ci a kowane maki, ka ƙara la'adar dillali, shi ne asarar kontara guda. Sai ka raba kuɗin da ka yarda ka rasa da asarar kontara guda. Abin da ya fito shi ne adadinka. In ya fito da ɓurɓushi, ka zubar da ɓurɓushin. 2,9 biyu ne. 0,9 kuwa sifiri ne.

Mu gwada da kontara ta gaskiya. A kasuwar CME ta Chicago akwai kontarar da ke bin ma'aunin manyan kamfanonin Amurka 500, wanda ake kira S&P 500. Babbarta, E-mini, tun 1997 ake cinikinta, kowane maki dola 50. A watan Mayu na 2019 sunka fito da ƙaramarta, Micro, kowane maki dola 5. Ka ce wani yana da miliyan 12 na sefa, dola 20.000. Kashi 1 nasa dola 200. Ya ga sitop ɗinsa ya kamata ya zauna maki 15 daga inda ya shiga. 15 sau 5, dola 75, mu ƙara 5 na la'ada da zamewar farashi, 80. Raba 200 da 80, biyu da rabi. Kontara 2 ke nan, ƙanana. Babbar fa? 15 sau 50, dola 750. Ba ya iya ko guda. Mai miliyan 12 fa nike faɗa muku.

Gobe kasuwa ta hargitse, sitop na maki 15 ba ya isa, sai 30. Asarar kontara guda ta koma wajen dola 155, amsar ta koma 1. Kuɗinsa ba su canza ba, adadin ya ragu, don kasuwar ce ta canza. A nan ne mutane ke yaudarar kansu: maimakon su rage kontara sai su matso da sitop kusa don lissafi ya ba su adadin da ransu ke so. Sai kasuwa ta ɗan yi numfashi ta taɓa sitop ɗin ta kore su, sannan ta tafi inda sunka ce za ta. Sitop kasuwa ke nuna wurinsa, adadin kontara ne ke biyo baya.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1983 wani ɗan kasuwar Chicago, Richard Dennis, ya ɗauki mutanen da yawancinsu ba su san sana'ar ba ya koya musu, su ne anka riƙa kira Kunkuru. Cikin ƙa'idojin da ya ba su akwai cewa a auna yadda kasuwa ke motsi a rana, matsakaicin kwana 20, a ɗauki adadin kontarar da motsin rana guda zai zama kashi 1 na asusu. Kasuwa mai tsalle, kontara kaɗan. Kuma in asusu ya ragu da kashi 10, su yi lissafi kamar ya ragu da kashi 20 har sai sun farfaɗo. Ku lura, in sun faɗi ragewa suke yi. Mu kuwa in munka faɗi sai mu ƙara, wai mu rama.

Yanzu mu koma ga mai jika 300, don shi ne yawancinmu. Yana son zinariya. Kontarar Chicago babba oza 100 ce, ƙarama oza 10. Ka ce sitop dola 10 daga farashi, kuma wannan ma matsattse ne ga zinariya. Ƙaramar kontara: 10 sau 10, dola 100. Shi kuwa dola 5 ya ware. 5 raba 100, ko kusa da guda bai kai ba. Kafin ka riƙe ƙaramar kontara guda da wannan sitop a kan kashi 1, sai kana da dola 10.000, miliyan 6. Babbar, miliyan 60. To a wurin dillalan waya fa, inda ake buɗe lot 0,01? Wannan oza guda ce, asararta dola 10, ninki biyu na abin da ya ware. Nan ma amsar sifiri ce.

Ina son ku riƙe wannan, don shi ne abin da ya fi yi mini wuyar haɗiyewa: sifiri amsa ce. Lissafin bai lalace ba. Yana gaya maka wannan kasuwar ta fi ƙarfin aljihunka a yau. Ni da ya kamata in buɗe sifiri, lot 0,30 na buɗe.

Akwai inda mai jika 300 zai samu adadi. A canjin yuro da dola, cikakken lot 100.000 ne, kowane pip dola 10. Lot 0,01 kuwa kowane pip santi 10. Sitop na pip 25, asarar dola 2 da rabi. 5 raba 2,5, biyu. Lot 0,02. In Allah ya sa ya ci pip 50, ribarsa dola 10, jika 6. In ya faɗi, jika 3. Wannan shi ne girman abin a gaskiya. Don haka in kun ga wani a Facebook ko TikTok yana nuna ya ci jika 100 a rana da asusun jika 300, ku yi masa lissafin da kanku. Kodai ya sa sulusin kuɗinsa ko fiye a ciniki guda, irin abin da na yi, kodai asusun gwaji ne mai kuɗin wasa. Kuma ku tambaye shi mi yake samu in kun yi rajista ta mahaɗin da ya ba ku. Da yawa daga cikin dillalan nan suna biyan mai kawo mutane la'ada kan kowane lot da mutanensa sunka buɗe. Ka ci ko ka faɗi, shi ya samu, kuma gwargwadon girman lot ɗinka gwargwadon rabonsa. Mutumin da abincinsa ke cikin girman lot ɗinka ba shi za ka tambaya nawa za ka buɗe ba.

Wani zai ce kashi 1 ya yi kaɗan, yaushe za a yi arziki? Bari mu ga abin da faɗuwa a jere ke yi. Mai jika 300 da ke sa kashi 1, in ya faɗi sau 10 a jere, saura jika 271. Ransa ya ɓaci, amma yana nan. Mai sa kashi 10, bayan faɗuwa 10 saura jika 105, sai ya kusa ninka su sau uku kafin ya koma inda ya fara. Hanyar gangara da ta hawa ba tsawonsu ɗaya ba: ka rasa rabi, sai ka ci ribar kashi 100 kafin ka dawo. Kada kuma wani ya ce ai ni ba zan faɗi a jere ba. Ko da rabin cinikinka kake ci, kamar jefa kwabo, a cikin ciniki 100 damar ka gamu da faɗuwa 5 a jere ta kai kashi 80, ta faɗuwa 6 a jere ta fi rabi. Tana nan tafe, sai dai ba ka san ranar ba.

Masu ninkawa bayan faɗuwa kuwa, 1, 2, 4, 8, a faɗuwa ta bakwai sun zubar da ninki 127 na abin da sunka fara da shi. Bankin Barings na Ingila ya shekara sama da 200 yana aiki. A 1995 ma'aikacinsa guda a Singafo, Nick Leeson, ya yi ta ƙara kontarorin kasuwar Japan don ya rama asarar da ya ɓoye, har ta kai fam miliyan 827. Anka sayar da bankin kan fam guda.

Ko ka yi lissafin daidai, akwai ramukan da ya kamata ka sani. Sitop umarni ne, ba alkawari ba ne. In farashi ya yi tsalle ya ƙetare shi, inda ya sauka nan za a fitar da kai. Ranar 15 ga Janairu 2015 babban bankin Suwizalan ya janye iyakar da ya sa wa kuɗinsa gaban yuro ba tare da gargaɗi ba, cikin mintoci farashi ya tsallake sitop ɗin dubban mutane, wasu sunka wayi gari dillali na bin su bashi, wasu dillalan ma sunka karye. Ranar 20 ga Afrilu 2020 kontarar ɗanyen man Amurka ta rufe a ƙasa da sifiri, dola 37,63 a ƙasa, kuma kowace kontara ganga 1.000 ce. Wanda ya ɗauki kaɗan ya ji ciwo, wanda ya cika hannu ya tafi. Mu nan kuma muna da namu ramin: kuran ya ɗauke, rezo ya yanke, batir ya mutu. Wanda ya ce sitop ɗinsa yana cikin kansa, zai fita da hannu in lokaci ya yi, bai yi la'akari da watan Afrilu a Maraɗi ba. Ka rubuta shi cikin na'ura lokacin da kake buɗe cinikin.

Wani ramin: ka buɗe yuro da dola, ka buɗe fam da dola, ka buɗe zinariya, kowane kashi 1, kana ganin ka raba ƙafa. Sau da yawa duka ukun caca guda ce kan dola za ta faɗi. In ta tashi, tare za su tafi. Mota uku ne a hanya guda, gada guda za su hau. Ka haɗa su ka ƙirga.

Sai kalmar asusu kanta. Lissafin nan yana aiki ne in kuɗin naka ne, kuma in sun ƙare duka gidanku zai ci tuwo. Kuɗin adashen da ba ka gama zubi ba bashi ne. Kuɗin lakwal na ƙannenka, jarin butik na mahaifiyarka, kuɗin da ɗan uwa ya aiko daga Libiya ko Kwatano a saya masa fili, duk ba su shiga. Kashi 1 na kuɗin wani, kashi 1 ne na amana. Ni wata bakwai na yi ina kabu-kabu da dare ina biyan zubi, ban gaya wa matata dalili ba sai a wata na uku, kuma wannan ya fi jika 270 ɗin zafi.

Ga wani abin da za ku iya dubawa da kanku. A 2018 hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 da 89 na asusun ƙananan masu irin wanga ciniki asara suke yi. Ta rage ninkin da ake ba su: 30 a manyan kuɗaɗe, 20 a zinariya, 2 a kuɗin kirifto, ta kuma tilasta wa dillalai su rubuta kason masu asara a shafinsu. Bature mai albashi an ce kada ya wuce 30, kai ana ba ka 500 ko 1.000. Ka tambayi kanka a wace ƙasa dillalin ya yi rajista har yake iya haka, kuma wa za ka kai wa ƙara in kuɗinka sun maƙale. Hukumarmu ta yankin sefa, AMF-UMOA, da ke Abijan, masu lasisinta take sa wa ido, irin masu shiga tsakani a kasuwar hannun jari ta BRVM. Wanda ke wani tsibiri can, hannunta ba ya kai gare shi.

Malam da ke gefe ya yi mini ishara tun ɗazu, na san tambayarsa. Ni ba malami ba ne. Na dai san majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta zauna kan ciniki da kuɗin jingina a 2006 ta ce bai halatta ba, saboda bashin da ke jawo wa mai bayarwa amfani da kuɗin ruwan kwana. Kowa ya je ya tambayi malaminsa kafin ya tambayi na'ura, kuma Malam zai yi bayani bayan na sauka.

Ni yanzu a bangon ɗakina akwai takarda mai layi huɗu: kuɗin asusu, kashi 1, asarar kontara guda, adadi. Kowane wata ina sake ta, don in asusu ya ragu kashi 1 ma ya ragu. Cikin goma da nike cikawa, bakwai ko takwas sifiri suke ba ni, sai in rufe waya in tafi kasuwar Kadro inda nike sayar da aya.

An raba muku takardu. Ba na son sunan kowa. Ka rubuta kuɗin da ke cikin asusunka, da lot na ƙarshe da ka buɗe, da inda sitop ɗinka yake, in akwai shi. In babu ka rubuta babu. A tattaro mini su, mu ɗauki biyar mu yi su a allo tare kafin a kira magariba.